Kafin Yaro Ya Tsaya Gaban Malamai

Daga cikin jarrabawoyin da ake yi wa yaran makaranta a ƙasar Maraɗi, tun daga cikin birni har Tibiri da Jiratawa da sauran garuruwan da ke jere a bakin Gulbi, babu wadda ta kai ta baki sa gaban yaro faɗuwa, wato wadda za a kira sunansa, ya tashi daga mazauninsa, ya tsaya shi kaɗai gaban malamai da 'yan'uwansa, ya kawo waƙa ko wani yanki na zube da ka, babu takarda a hannunsa, babu kuma mai tuna masa. A jarrabawar rubutu yaro yana da sararin da zai dakata ya yi tunani, ya goge abin da ya ɓata, ya sake. Amma a wannan, abin da ya fito daga bakinsa ya riga ya shiga kunnen jama'a, ba shi da ikon mayar da shi. Saboda haka ne za ka ga yaro mai hazaƙa, wanda ya haddace darasinsa sarai tun daren jiya, ya zo gaban malamai harshensa ya sarƙe, gumi ya karyo masa, a rubuta masa sakamakon da bai dace da ƙoƙarinsa ba, alhali kuwa ba hadda ce ta gaza masa ba, shiri ne ba a yi masa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne na 'yan firamare. Al'ummai masu daraja harshensu sun daɗe suna auna mutum da abin da ya faɗa a tsaye. Larabawan Jahiliyya sukan taru a kasuwar Ukaz, sha'irai su rera ƙasidunsu gaban Nabigatuz Zubyani, shi kuwa ya yanke hukuncin wanda ya fi. A Ingila akwai wata makarantar koyon wasan kwaikwayo da ake kira LAMDA, wadda aka kafa a Landan a shekarar 1861, tana shirya jarrabawar faɗin waƙa da zube daki-daki, tun daga ta ƙananan yara har ta manya, ana ba da shahada ga wanda ya ci. A Makka an fara musabaƙar Alƙur'ani ta duniya a 1979, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma ta fara ta ƙasar Nijeriya a 1986. Dukansu abu guda suke nema, wato mutum ya riƙe lafazi a ƙirjinsa, sa'an nan ya fitar da shi ta yadda mai sauraro zai amfana.

Mu kuwa a nan ba baƙi ba ne ga wannan fanni. Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi suka kafa sarauta a Maraɗi, da Gobirawan da suka zauna Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun zo da maroƙansu da sanƙirorinsu, waɗanda suka riƙe sunayen sarakuna da kirarinsu a ka, suna miƙa wa 'ya'yansu ba tare da alƙalami ba. Malamai kuma suna da nasu: Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri, waɗanda ake kwana ana rerawa a daren Mauludi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da baki ta aika da waƙoƙinta ƙauyuka ta hannun jajis, su haddace su koma su koya wa mata 'yan'uwansu. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, shi da kansa makaho, bakin makafi ne ya yaɗa su ƙofa-ƙofa, iyakar da Turawa suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi kuma ba ta tsayar da su ba. Yaron Jiratawa, ashe, a cikin mutanen da suka san daɗin magana aka haife shi, kuma duk malamin da ya manta da wannan ya yi wa kansa asarar rabin aikinsa.

Abin da ya kawo tangarɗa shi ne yadda lakwal, wato makarantar boko, ta shigo da nata tsarin. Dattawan da suka yi karatu a zamanin Faransawa da shekarun farko na 'yancin kai suna tune da darasin resitasiyo, inda mushe zai rubuta tatsuniyar La Fontaine a babban allo, kamar ta hankaka da yanyawa, yara su kwafa, su haddace, su zo su zuba ta da Faransanci tun ba su san mene ne cukun da hankakan ya riƙe a bakinsa ba. Wanda kuwa ya kuskura ya yi Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa sambol, wato alamar horo. Ba na musun cewa wannan darasi ya fitar da mutane masu fasaha da ƙarfin hadda. Sai dai ya bar mana wata al'ada mai wuyar kankarewa, ta ɗaukar cewa faɗin waƙa tsere ne, wanda ya kai ƙarshe da sauri bai yi tuntuɓe ba shi ne gwani. An fara gyara tun 1973, sa'ad da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a cikin aji. A 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To, tun da harshen da yaro ya sha a nono yana samun shiga aji, ya zama wajibi a sake duban yadda ake shirya shi ga tsayuwa gaban malamai, domin uzurin rashin fahimta ya kau.

A ganina, mafi ingancin tafarki yana nan kusa da mu, a zauren makarantar allo. Dubi yadda alaramma yake yi da ƙolo: ba ya miƙa masa allo ya ce je ka karanta, sai ya biya masa da bakinsa, yaro ya maimaita, ya sake biya masa, har kunne ya kama kafin ido ya san baƙi, ba ya ba shi sai gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ba ya yarda ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya kawo na jiya babu gyara, kuma kullum akwai tilawa, domin na baya kada ya zube. Wannan shi ne talaƙƙi, karɓar karatu daga baki zuwa baki, wanda malaman Musulunci suka dogara a kansa tun farkon zamani. Manomin rani a fadamar Jiratawa ba ya sakar wa gonarsa ruwa gaba ɗaya, sai ya buɗe wa fangali ɗaya ya sha ya ƙoshi, ya toshe, sa'an nan ya buɗe wa na gaba. Haka hadda take shiga ƙirjin yaro. Abu guda kawai za mu ƙara a kan tsarin allo. Shi almajiri an jinkirta masa ma'ana zuwa lokacin da zai shiga karatun littattafai, saboda hikimar kiyaye lafazin Alƙur'ani tun da ƙuruciya. Amma mai faɗin waƙar Hausa ko zube ba shi da dalilin jinkiri, ma'ana ce za ta riga hadda shiga.

Saboda haka aikin farko yana wuyan malami tun kafin yaro ya buɗe baki, wato zaɓen abin da za a faɗa. Ɗan koyo ba ya bukatar fiye da baiti biyar ko shida, a kan abin da ya sani ko yake iya ganewa. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, da yake shi malamin makaranta ne, da yawansu suna da sauƙin lafazi da miƙaƙƙiyar manufa. Na Sa'adu Zungur kuwa, irin su Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, cike suke da Larabci da siyasar zamaninsu, sai a ajiye su ga wanda ya yi nisa. Haka ma Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, wadda aka buga a 1977, gwanintar harshen da ke cikinta takan fi ƙarfin bakin mai farawa. Idan an zaɓa, malami ya rera wa yara sau da yawa suna saurare kawai. Sa'an nan ya rufe littafi ya tambaye su: wa yake magana a nan, da wa yake yi, me yake so a yi? Yaron da ya iya ba da amsa da kalmomin bakinsa, irin yadda zai gaya wa innarsa a gida, ya shirya wa hadda. Wanda bai iya ba, ko ya haddace, sautin kawai ya ɗauka, kuma ranar da kalma ɗaya ta kuɓuce masa babu abin da zai kama ya taso.

Daga nan sai gyaran furuci, kuma a nan ya kamata a daɗe. Malaman tajwidi sun riga kowa sanin cewa kowane harafi yana da mafitarsa. Ibnul Jazari ya ƙidaya mafita goma sha bakwai, Sulaimanul Jamzuri kuma ya tsara Tuhfatul Aɗfal musamman domin yara. Hausa ma tana da nata haƙƙoƙin da ba a tauye su. Akwai ƙ da ɗ da ɓ da ts, waɗanda rubutun wayar salula ya koya wa yaran yanzu sakaci da su. Akwai kuma babbar matsala wadda masu karatun boko ba su cika lura da ita ba, ita ce rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, har ya zama garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi surarsu ɗaya a takarda, sai mahallin magana ya raba su. Yaron da ya ɗauki waƙa daga takarda shi kaɗai zai iya gajarta abin da mawaƙi ya ja, da zarar ya yi haka kuwa ya karya karin waƙar, domin rubutacciyar waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi aka gina ta, bisa ma'aunan aruli waɗanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara guda goma sha biyar, Ahfash ya cika na sha shida. Ba a bukatar ɗan shekara tara ya san sunan Kamil ko Mutaƙarab. Ya isa a sa shi ya riƙa buga tafinsa a cinya yana bin karin, har jikinsa ya san inda nauyi yake faɗawa.

Amma karin waƙa yana da nasa haɗari, domin daɗinsa yakan kwashe yaro ya tafi da shi, ya riƙa tsayawa a ƙarshen kowane ɗango ko da magana ba ta cika ba. Masana waƙa suna kiran wannan wuri saɓi-zarce, inda jimla ta tsallaka daga ɗango zuwa na gaba, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci abin da yake faɗa. Maganinsa shi ne abin da mahaddata suke kira sanin waƙafi da ibtida'i, wato inda ya halatta a tsaya da inda ya kyautu a tashi. Malami ya zauna da yaro su sa alama a takardarsa, nan za ka ja numfashi, nan kuwa ko numfashi ya ƙare ba ka tsayawa. A yi ta maimaitawa har wuraren numfashin su zama wani ɓangare na haddar.

Game da yaro mai in'ina ko tsamin baki, ina roƙon malamai su ji tsoron Allah a kansa, kada su bar aji ya yi masa dariya, kada kuma su cire shi daga jarrabawa da sunan tausayi. Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙullin harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, kuma bai fasa zuwa gaban Fir'auna ba. Jahiz ya ba da labari a cikin Albayan wat Tabyin cewa Wasilu ɗan Aɗa'u ba ya iya furta harafin ra, amma saboda yalwar kalmominsa yakan yi huɗuba doguwa ba tare da harafin ya shigo ba. Sau da yawa mai in'ina yakan sami sauƙi idan yana rerawa, don haka a fara masa da waƙa kafin zube, a kuma zaɓa masa baitocin da ba su cika harafin da ke ba shi wuya ba.

Zube ya fi waƙa wuya, ko da yake mutane suna zaton akasin haka. Waƙa tana da kari da amsa-amo waɗanda suke riƙe da hannun mai hadda, zube kuwa babu abin da zai tuna maka kalma ta gaba sai bin ma'ana. A nan littattafan Abubakar Imam suke da amfani ƙwarai, Ruwan Bagaja na 1934 da Magana Jari Ce wanda ya fara fitowa a 1937, domin ya rubuta su da kunnen mai ba da labari, jimlolinsa suna zaune daram a baki. A ɗauki yanki gajere mai mutum biyu suna zance, kamar Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, a nuna wa yaro cewa muryar mai ba da labari daban, ta kowane ɗayansu kuma daban, ba tare da ya mayar da abin wasan kwaikwayo ba. Wannan ba sabon abu ba ne gare shi: duk yaron da ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san yadda ake maƙale harshe a yi muryar Gizo, a kumbura murya a yi ta Kura. Abin da ake bukata kawai a gaya masa cewa wannan gwanintar ta gida tana da izinin shiga aji.

Sai maganar tsayuwa da ido. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kada su zuba wa babba ido, mun kira wannan kunya, kuma kunya tana daga imani. Sa'an nan ranar jarrabawa mu ce su ɗaga kai su dubi malamai, wanda ya sunkuya mu rage masa maki. Wannan bai zama adalci ba sai an koya masa tun da wuri cewa tsayuwar karatu tana da nata ladabi, kamar yadda ladan yake ɗaga murya ba a ce ya yi rashin kunya ba. A sa shi ya yi sallama, ya faɗi sunan waƙar da na mai ita, ya kafa ƙafafunsa, ya saki kafaɗunsa, ya aika da muryarsa ga wanda ke zaune a layin ƙarshe. In duban fuskar malami ya yi masa nauyi, ya dubi bangon da ke bayansa. Hannu kuwa kada a koya masa motsin da ba ya ji a ransa. 'Yan mata sun fi bukatar wannan ƙarfafawa, domin su aka fi horo da sassauta murya, kuma abin da ya rage ga malama shi ne ta tuna musu cewa jajis ɗin Nana Asma'u mata ne.

Tsoro ba ya fita da nasiha, sai da sabo. Yaro ya fara kawo haddarsa gaban abokinsa ɗaya, gobe gaban biyar, jibi gaban aji, wata rana a gindin bishiya inda iska take kwashe murya, har a gayyato wani malami daga aji na kusa ya zauna a matsayin baƙo. A kuma koya masa abin da zai yi in ya manta, domin mantuwa tana samun kowa, har gangaran: ya tsaya, ya ja numfashi, ya koma farkon baitin, kada ya ce wayyo, kada ya gudu. A musabaƙa alƙalai sukan buga ƙararrawa su ba mai karatu damar gyara kansa kafin su buɗe masa, kuma ya kyautu masu jarraba yara su yi koyi da wannan sassauci. Malamin da ya ce, "Sannu, ɗana, koma daga farko, muna jin ka," ya ceci yaron da tsawa ɗaya za ta rufe bakinsa shekara guda. Lokacin shiri kuma a lura da shi: yaran Jiratawa da yawa suna taya iyayensu aikin lambu da tsinkar zogale bayan an tashi daga makaranta, saboda haka kaɗan-kaɗan da safe cikin makonni shida ya fi musu amfani a kan dogon zama a makon ƙarshe.

Akwai wata magana da nake so masu ba da maki su auna da kyau, ita ce ta karin harshe. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka zauna a kan rubutunta a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, ta fi karkata ga Kananci, littattafan da muke da su kuma galibinsu daga Zariya da Kano suka fito. Yaron Tibiri da ya ce hwaɗi a inda littafi ya rubuta faɗi, bai yi lahani ba, Hausar iyayensa ya yi, wadda ba ta gaza ta kowa asali ba. Malaman tajwidi sun raba lahani bayyananne, mai canja lafazi ko ma'ana, da lahani ɓoyayye, wanda gwanaye kaɗai ke ji. Mu ma ya kamata mu raba kuskuren da ya ɓata ma'ana ko ya karya kari da bambancin furucin gari da gari. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne yaro ya musanya kalmar mawaƙi da tasa, domin lafazin waƙa amana ne a wuyan mai faɗinta.

Wannan kuma ya kawo mu ga wani giɓi da ya kamata a cike. Ƙasar Maraɗi da Gobir da Damagaram ba su rasa mawaƙa da masu hikima ba, amma abin da aka tattara aka buga domin yara kaɗan ne ƙwarai, har malami yakan rasa abin da zai ba ɗan aji uku wanda aka yi da Hausar garinsu, a kan gulbinsu da gonakinsu da tarihinsu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo, duka biyu a Maraɗi, su ne suka fi cancanta da wannan aiki, su bi zaurukan malamai da gidajen maroƙa da tsofaffin mata masu tatsuniya, su rubuta, su tace, su jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, su kuma ɗauki muryoyin gwanaye domin malamin ƙauye ya ji yadda ake rerawa kafin ya biya wa yara. Gidajen rediyo irin su Anfani za su iya ware wa yara ɗan lokaci a mako su zo su kawo abin da suka haddace.

Ku kuma iyaye, kada ku ce ba ku yi boko ba, don haka ba ruwanku. Ba a bukatar sanin baƙi kafin a gane yaro yana sauri, ko yana haɗiye ƙarshen kalma, ko yana faɗin abin da bai fahimta ba. Kunnenku na Hausa ya ishe ku. Idan an idar da sallar magariba, ku kira ɗanku ko 'yarku, ku ce ya tsaya ya kawo muku abin da malam ya ba shi, ku saurara har ya kai ƙarshe ba ku katse shi ba, sa'an nan ku tambaye shi ma'anarsa, ku sa masa albarka. Ku yi masa haka ko sau biyu ne a mako, tun daga ranar da aka ba shi waƙar har ranar da za a kira sunansa.